Shirin Direct Entry na 'yan sandan Ingila: daga farar hula zuwa sufurtanda cikin wata 18, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A shekarar 2014 aka buɗe wata ƙofa a Ingila da Wales wadda mutum zai baro aikin banki, ko koyarwa, ko soja, ko shugabancin wani sashe a ƙaramar hukuma, ya shiga aikin ɗan sanda kai tsaye da muƙamin sufurtanda, alhali bai taɓa yin sintiri ko na dare ɗaya a matsayin kurtu ba. Sunan shirin Direct Entry. Hukumar College of Policing ce ta tsara shi ta kuma gudanar da shi, ita ce wadda aka kafa a 2012 domin shimfiɗa ƙa'idojin horo da cancanta ga rundunoni 43 na yankunan biyu. Hukuncinmu a kansa bai da tsawo. Ta fuskar doka an ɗinke shi tsaf, babu ɓaraka. Horon ma ba na wasa ba ne. Inda ya gaza shi ne abin da wata 18 ba za su iya koyarwa ba, sai kuma ƙarancin mutanen da aka ɗauka, wanda ya sa babban burin da aka ɗora masa, wato canza ɗabi'ar rundunonin, ya zama kamar zuba cokali ɗaya na gishiri a randa.

Asalin maganar rahoton Tom Winsor ne, lauyan da ya taɓa riƙe hukumar sa ido kan sufurin jiragen ƙasa. Gwamnati ta ba shi aikin duba albashi da yanayin aikin 'yan sanda, kuma a kashi na biyu na rahotonsa, a watan Maris na 2012, ya ce al'adar nan ta kowa sai ya fara daga ƙasa tana hana rundunonin samun mutanen da suka iya tafiyar da kuɗi da ma'aikata da manyan sauye-sauye. Kafin nan kuma an yi wata taƙaddama. A 2011, da Sir Paul Stephenson ya ajiye muƙamin kwamishinan 'yan sandan Landan, Firaminista David Cameron ya nuna sha'awar a ɗauko Bill Bratton, wanda ya shugabanci 'yan sandan Boston da New York da Los Angeles. Theresa May, sakatariyar harkokin cikin gida a lokacin, ta tsaya kan cewa sai ɗan Birtaniya. Bernard Hogan-Howe ya samu kujerar. Daga waɗannan biyun aka fito da hanyoyi na shigar baƙo: ta sufurtanda a 2014, ta sufeto a 2016 mai ɗaukar wata 24, da kuma gyaran doka da ya halatta naɗa shugaban runduna daga wata ƙasa.

Ba sabon abu ba ne a tarihinsu, ko da yake masu adawa da shi sun yi ta magana kamar bidi'a aka kawo. Mutum biyun da suka fara shugabantar 'yan sandan Landan a 1829, Charles Rowan soja ne, Richard Mayne lauya. Lord Trenchard daga rundunar sojan sama ya zo a 1931, shi ne ma ya buɗe kwalejin Hendon a 1934 don yaye manyan jami'ai ta gajeriyar hanya, shirin da ya mutu da ɓarkewar yaƙi a 1939. Sai a 1958 aka samu kwamishinan Landan na farko da ya faro daga kurtu, Sir Joseph Simpson.

Matsayin mai shigowa a idon doka shi ne abin da mutane suka fi ruɗewa a kai, kuma nan ne shirin ya fi ƙarfi. A Ingila ikon ɗan sanda ba daga takardar ɗaukar aiki yake fitowa ba, daga rantsuwa yake fitowa. Sashe na 29 na dokar 'yan sanda ta 1996 ya wajabta wa kowane jami'i ya yi rantsuwar kama aiki a gaban majistare, cewa zai yi wa Sarki hidima a matsayin konstabul bisa adalci da gaskiya da rashin son kai. Daga kurtun da ya fito jiya har zuwa kwamishinan Landan, duk wannan matsayi ɗaya suke riƙe da shi, igiya da tauraro ƙari ne a kansa. Saboda haka wanda ya shigo ta Direct Entry, da zarar ya yi rantsuwa an ba shi katin shaida, yana da ikon kama mutum da bincikensa daidai da kowa. Babu lauyan da zai rushe shari'a da hujjar cewa jami'in da ya kama wanda yake karewa bai taɓa zama saje ba.

Rantsuwar tana zuwa da nata tsadar, kuma a nan ne masu fitowa daga kamfanoni suke shan mamaki. Ɗan sanda a Ingila ba ma'aikaci ba ne irin wanda dokokin ƙwadago suka sani, mai riƙe da muƙamin Sarauta ne. Ba ya yajin aiki, haramcin da ya samo asali tun 1919. Ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago ta gama-gari, sufeto yana ƙarƙashin Police Federation, sufurtanda kuma yana da ƙungiyarsu ta daban. Ba ya taka rawa a siyasar jam'iyya. In yana da wata sana'a a gefe sai ya bayyana an amince masa. Mafi nauyi duka, in aka sallame shi ba zai je kotun ma'aikata ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, sai dai in maganar wariya ce ko ta fallasa ɓarna. Tsawon watannin horon nan kuwa a matsayin ɗan gwaji yake, kuma ƙa'ida ta 13 ta dokokin aikin 'yan sanda na 2003 ta ba shugaban runduna damar sallamar ɗan gwajin da ya ga ba zai zama jami'in kirki ba. Mutum mai shekara 45 da iyali da bashin gida a kansa, wanda ya ajiye aikin da ya shafe shekara 20 yana ginawa, ya kamata ya karanta wannan ƙa'ida da kyau kafin ya sa hannu. Albashin sufurtanda, wanda ya haura fam 60,000 a shekara tun lokacin da aka fara shirin, daga ranar farko ake biyansa. Amma da yawa daga irin mutanen da ake kwaɗayin jawowa sun fi haka samu a inda suke.

Lokacin da shirin ke gudana a matakin ƙasa, tantancewar mataki-mataki ce. Mutum zai cika takardar nema ta intanet, yana kawo misalan ayyukan shugabanci da ya yi da hannunsa. Wanda ya tsallake sai a kira shi cibiyar gwaji ta ƙasa, inda ake sa shi hira da gabatar da jawabi da aikin rubutu da kuma wasan kwaikwayon yanayin aiki, masu ba da maki suna kallo. Cin wannan gwaji bai ba shi aiki ba. Rundunar da ya nema ita ce da ta cewa ta ƙarshe, domin College of Policing ba ta ɗaukar ɗan sanda, horarwa da tantancewa kawai take yi. Sai gwajin lafiya, da gwajin gudu tsakanin layi biyu masu tazarar mita 15 ana bin ƙarar na'ura, wanda a lokacin ake neman mutum ya kai mataki na 5.4. Wannan ba ya kayar da mai ƙoshin lafiya. Abin da ke cin lokaci shi ne binciken asali: bashi, tarihin laifi na mutum da na makusantansa, da inda ya zauna. Matakin farko yana buƙatar shekara uku na zama a Birtaniya da za a iya bibiya, matakin masu riƙe da sirri kuma shekara biyar. 'Yan ƙasashen renon Ingila, har da 'yan Najeriya da Ghana, suna iya shiga aikin ɗan sanda a can muddin suna da izinin zama marar iyaka, amma wanda ya yi shekarun baya-bayan nan yana aiki a waje, a wannan gaɓar yake maƙalewa. A zagayen farko ɗaruruwan mutane suka nema, tara suka fara horo a watan Nuwamba na 2014.

Watanni 18 ɗin an raba su tsakanin aji da fili. Ana fara karatun doka da dabarun kare kai da taimakon gaggawa, sannan a tura mutum caji ofis ya bi sawun kurtu: amsa kiran gaggawa, kama mutum, rubuta bayanin shaida, tsayuwa gadin wurin da aka yi laifi. Daga nan ya koma aikin saje, sai na sufeto, a ƙarshe na sufurtanda, kowane zango da gogaggen jami'in da ke riƙe da hannunsa yana sa hannu a kundin shaidar abin da ya iya. Akwai jarrabawar doka, akwai ayyukan bincike na rubutu. Wanda ya faɗi ba ya komawa ƙaramin muƙami ya ci gaba, domin ba shi da wani muƙamin da ya baro. Tsarin ya yi ma'ana, kuma mun fi yaba zangon kurtu, don shi ne ke sa mutum ya ji warin aikin. Sai dai makonni ne. Abin da mutum zai gani a 'yan makonni ya dogara da sa'a da kuma garin da aka kai shi. Wanda aka ajiye a tsakiyar Landan zai ga sara da suka da rikicin mashaya a mako guda, wanda aka kai ƙauyukan arewacin Yorkshire yana iya gama zangonsa bai ga rabin haka ba, kuma takardar shaida iri ɗaya za a ba su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dokar PACE ta 1984, wadda ta tsara kamu da tsarewa da tambayoyi, ta rataya wasu hukunce-hukunce a wuyan muƙami, ba ta kuma tambayi shekarun da mai muƙamin ya yi a aiki ba. A ƙa'ida awa 24 ake tsare wanda ake zargi ba tare da an tuhume shi ba. Sufeto ne ke duba halaccin tsarewar kafin awa shida ta cika, daga nan kuma duk bayan awa tara. In masu bincike suna son ƙarin lokaci zuwa awa 36, sai sufurtanda ya sa hannu a ƙarƙashin sashe na 42, kuma sai sharuɗɗa uku sun cika: laifin babba ne irin wanda za a iya kaiwa babbar kotu, ci gaba da tsarewar ya zama dole don samo hujja ko kare ta, sannan ana gudanar da binciken da himma ba tare da jan ƙafa ba. Dole ya sa hannun kafin awa 24 ɗin ta ƙare, bayan dubawa ta biyu, kuma sai ya ba wanda ake tsare da shi ko lauyansa damar faɗin nasu. Abin da ya wuce awa 36 na kotun majistare ne, iyakarsa awa 96.

Sharuɗɗa biyun farko ana koyonsu a aji. Na ukun ba a littafi yake ba. Ƙarfe uku na dare, ɗan sandan ciki ya bugo waya ya ce ba su gama ba domin suna jiran hoton kyamarar shago, da tafinta, da sakamakon ciro bayanan wayar wanda ake zargi. Gaskiya ya faɗa, ko kuwa an bar fayil ɗin ne a kan tebur tun la'asar saboda canjin masu aiki? Wanda ya yi shekaru yana wannan aikin ya san tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka, ya san tambayar da zai yi ƙarya ta fito, ya san ya ce a karanto masa kundin tsarewa daga awa ta takwas zuwa ta goma sha shida. Baƙo kuwa, komai kaifin basirarsa, ko dai ya amince da duk abin da aka faɗa masa, ko ya ƙi sa hannu don tsoro a saki mutumin da bai kamata a saka ba. Kuskuren kuma yana da farashi. A shari'ar Roberts da shugaban 'yan sandan Cheshire a 1999, jinkirin dubawa na awa biyu da 'yan mintuna ya mayar da tsarewar haramtacciya, aka biya diyya. A shari'ar Samuel a 1988, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin fashi domin sufurtanda ya hana wanda ake zargi ganin lauya ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A lura, tsofaffin hannu ne suka yi waɗannan kurakuran, shekaru kafin a yi mafarkin Direct Entry. To ina ga wanda ya ga ɗakin tsarewa a karon farko wata goma da suka wuce.

Akwai wani sashen da ba a cika ambatonsa ba, na 39. Jami'in da ke kula da waɗanda ke bayan kanta saje ne, kuma doka ta ba shi cin gashin kai. In wani na sama da shi ya ba da umarnin da ya saɓa wa hukuncinsa, ba a tilasta masa, sai a kai maganar gaban sufurtandan da ke da alhakin ofishin nan take. Ke nan sabon shiga zai iya samun kansa yana raba gardama tsakanin saje mai shekara 18 a bakin aiki da babban sufeton bincike mai shekara 22, kowannensu ya fi shi sanin abin da ake gardama a kai. Haka kuma shi ne mai ba da izinin bibiyar mutum a ɓoye da amfani da ɗan leƙen asiri a ƙarƙashin dokar RIPA ta 2000, inda zai rubuta da hannunsa dalilin da ya sa matakin ya zama dole kuma bai wuce kima ba, masu duba aiki kuma su zo daga baya su bi rubutun layi-layi.

Muƙamin kuma bai wadatar a wasu ayyukan ba. Jagorancin jami'ai masu bindiga, da tafiyar da zanga-zanga ko babban wasan ƙwallo, da shugabantar binciken kisan kai, kowanne yana da kwas da takardar ƙwarewa ta daban, kuma ana gina su ne a kan shekarun aiki a ƙananan matakai. Sufurtandan da ya fito daga shirin ba lalle ne yana riƙe da ko ɗaya ba. Abin da ke biyo baya a fili yake: jadawalin kiran dare yana da guraben da ba zai iya cikewa ba, nauyin ya koma kan takwarorinsa, su kuma su riƙa lissafin cewa albashinsu ɗaya. Ƙorafin da ƙungiyoyin 'yan sanda suka yi tun farko ba duka hassada ba ce, ko da yake hassadar ma ba a rasa ta ba, musamman daga manyan sufetocin da suka daɗe a layi suna jiran gurbi, a shekarun da tsuke bakin aljihun gwamnati ya rage yawan muƙaman.

A ɗaya ɓangaren, akwai ayyukan sufurtanda da baƙon ya fi ɗan gida iyawa, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. Kasafin kuɗin sashe, kwangilar na'urorin kwamfuta, zama da shugabannin asibiti da na ƙaramar hukuma kan masu taɓin hankali ko yaran da ke ɓacewa daga gidajen reno, rage yawan masu hutun rashin lafiya: jami'in da ya taso daga sintiri sau da yawa bai taɓa karanta takardar kasafi ba sai ranar da aka ɗora masa ita. Wanda ya shugabanci ma'aikata 300 a wani wuri ya wuce nan. Yana kuma da 'yancin tambayar me ya sa ake yin abu kaza haka, tambayar da ɗan gida ya daina yi tun yana saje. Amfanin shirin ya dogara kacokan da inda runduna ta ajiye mutumin bayan ya gama. In an sa shi inda tsohuwar sana'arsa ke aiki, an ci riba. In an jefa shi gurbin da ya faɗo kawai don a cike, an kashe kuɗi an mayar da ƙwararren manaja matsakaicin ɗan sanda.

To kujerar shugaban runduna fa, wanda suke kira cif konstabul, kwatankwacin kwamishinan 'yan sandan jiha? Nan ƙofar ba ta taɓa buɗewa ga farar hula zalla ba, duk da yadda jaridu suka riƙa yayata zancen. Dokar 2011 da ta kafa zaɓaɓɓun kwamishinonin sa ido kan 'yan sanda ta ba su ikon naɗa shugaban runduna, da sharaɗin wanda za a naɗa ya kasance konstabul ne, ko ya taɓa zama konstabul, a wani yanki na Birtaniya. Ƙa'idojin aiki suka ƙara cewa sai ya riƙe muƙamin mataimakin cif konstabul ko kwamanda ko sama da haka, wanda shi ma ba a kai gare shi sai an bi ta tantancewa da kwas na manyan jami'ai, tsarin da aka sabunta a 2023. Wanda ya shigo ta Direct Entry zai iya kaiwa can, amma sai ya hau sauran matakalar kamar kowa. Shi ya sa Cressida Dick a 2017 da Mark Rowley a 2022 suka cancanci kujerar Landan ko da yake dukansu sun riga sun bar rundunar: tsohuwar rantsuwarsu ce ta dawo da su.

A wajen Landan, bayan an zaɓi mutum, sunan yana zuwa gaban kwamitin sa ido na yankin, wanda zai yi zaman tantancewa ya ba da rahoto cikin mako uku. Kwamitin na iya hawa kujerar na-ƙi da kashi biyu cikin uku na membobinsa, amma sau ɗaya tak, domin a kan mutum na biyu shawara kawai yake bayarwa. Wa'adin farko ba ya wuce shekara biyar, ana iya ƙara uku, daga nan sai shekara ɗai-ɗai. Bin duk wannan layi ma ba garanti ba ne. A watan Yuni na 2024 aka kori Nick Adderley, shugaban 'yan sandan Northamptonshire, ɗan gida da ya hau kowane mataki, bayan an gano ya ƙara gishiri a tarihin aikinsa na sojan ruwa, har yana rataya lambar yaƙin Falklands na 1982, yaƙin da aka yi yana ɗan shekara 15. Takardun da ba a bincika ba a cikin gida suka ba da kunya, ba na baƙo ba.

Hanyar ƙasashen waje, wadda sashe na 140 na wata dokar 2014 ya buɗe, ƙunƙuntacciya ce. Sai wanda ya yi aiki a rundunar da aka amince da ita, a muƙamin da aka amince da shi, kuma jerin bai wuce Amurka da Kanada da Ostareliya da New Zealand ba. Mataimakin Sufeto Janar daga Najeriya, komai gogewarsa, ba ya ciki. Ƙofar tana nan a buɗe, ba a dai ga rububi ba, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: doka daban, binciken asali mai wuya ga wanda bai zauna a ƙasar ba, ga wa'adin da ɗan siyasa ɗaya, wato zaɓaɓɓen kwamishinan sa ido, ke riƙe da makullinsa. Maƙwabciyarsu Ireland ce ta yi abin a aikace, da ta ɗauko Drew Harris daga 'yan sandan Ireland ta Arewa ya shugabanci Garda, rundunar 'yan sandanta, a 2018.

A Najeriya tambayar ma ba ta tasowa. Sashe na 215 na tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa zai naɗa Sufeto Janar ne daga cikin jami'an da ke bakin aiki, bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, dokar 2020 kuma ta ƙara cewa kada ya gaza muƙamin AIG, ya kasance yana da digiri, wa'adinsa shekara huɗu. Abin da ya yi kama da shigar kai tsaye shi ne makarantar Wudil, mai yaye matasa da muƙamin ASP bayan shekara biyar, amma wannan ɗaukar yaro ne a rene shi a cikin gida, ba ɗauko dattijo daga wata sana'a ba. Rigimar baƙo a kan kujera a kwastan aka gan ta, lokacin da Kanar Hameed Ali mai ritaya ya ƙi sa kaki gaban Majalisar Dattawa a 2017. Abin dariya, shi Winsor da aka naɗa babban mai duba ayyukan 'yan sanda a 2012, farar hula na farko a wannan kujera, sa kakin bikin ne ya jawo masa suka. Baƙo in ya sa a ce ya yi shigar burtu, in ya ƙi a ce ya raina gidan.

A 2020 College of Policing ta fitar da nata bitar ta shekara biyar, daga nan aka dakatar da ɗaukar sababbi a matakin ƙasa. Shiga shirin ganin dama ne ga kowace runduna, da yawa kuma ba su taɓa neman ko mutum ɗaya ba. A tsakanin jami'ai sama da 120,000, 'yan gomomi ba za su juya akalar komai ba, ga kuɗin tallata gurabe da cibiyar gwaji da malamai duk ana raba shi a kan mutane ƙalilan. Rundunar da ke neman ƙwarewar waje tana da hanya mai sauƙi da ta riga shirin: ta ɗauki mutum a matsayin babban jami'in farar hula mai kula da kuɗi ko ma'aikata ko fasaha, ya zauna a teburin shugabanni ba tare da rantsuwa ba. Dokar 2017 ma ta ba shugaban runduna damar danƙa wa ma'aikatan farar hula iko da dama, in ban da ginshiƙai irin su kamu da tsayar da mutum a bincike shi a titi. Hukumar yaƙi da manyan laifuka ta ƙasa, NCA, ta tafi fiye da haka, domin Graeme Biggar da aka tabbatar a shugabancinta a 2022 ma'aikacin gwamnati ne, bai fito daga 'yan sanda ba.

In wata runduna ta sake tallata irin wannan gurbi da kanta, mai sha'awa ya nemi amsar abu uku a rubuce kafin ya ajiye aikinsa. Wane ne zai riƙe hannunsa a kowane zango, kuma an rage wa wannan jami'in nasa aikin ko kuwa an ɗora masa ne a kan wanda yake da shi? Yaushe za a sa shi a jadawalin sa hannun tsarewa da izinin bibiya, kuma dare nawa zai fara yi tare da wani kafin a bar shi shi kaɗai? Wane gurbi aka tanadar masa bayan wata 18? Ya kuma lissafa fansho, domin tsarin 2015 ya sa shekarun ritaya a 60, wanda ya shiga yana da 45 shekara 15 kacal zai tara.